Baturen da Ya Ɗaure wa Gidaje Ƙafa

Sunan da uwarsa ta raɗa masa Murdo MacAskill, amma harshenmu bai iya wannan lanƙwasa ba, sai muka gutsure shi ya koma Mado. Mijin yayata Kalsom ne. Ni ce Sapiah, autar gidan, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san shi tun gashin kansa na ja. Yaran Kuala Sena na yanzu ba abin da suka sani game da shi sai "dokar Mado", ita ma a bakin kakanninsu suka tsince ta, suna faɗa suna taɓe baki. Wannan abu na ƙona mini rai. In dai zaginsa za a yi, a bar ni in yi, ni da na san abin da ya aikata da abin da ya sa ya aikata shi.

Jirgin kaya ne ya kawo shi daga Sikotlan, yana kafintan jirgin. Zazzaɓi ya kayar da shi a tasharmu, masu jirgi suka ga ba za su tsaya jiran gawa ba, suka ɗaga. Babanmu, Pak Leman, maƙerin kwale-kwale ne a bakin kogi. Shi ya tsince shi a rumfar 'yan dako yana karkarwa, ya sa aka ɗauko shi a kan ƙyauren ƙofa, ƙafafunsa sun zarce ƙyauren suna reto. Mahaifiyarmu, Mak Embun, ta leƙo ta taga bakinta ja wur da ganyen sirih ɗin da take taunawa kamar goro, ta ce, "Wannan mutum ɗaya ne, ko biyu aka haɗa?"

A ƙarƙashin gidanmu ya yi jinya. Gidan a kan dogayen ƙafafu na katako yake tsaye, har namiji ya wuce ta ƙasa da kaya a ka bai sunkuya ba, kuma can ƙasan ne rayuwarmu take. Nan turmin Mak yake, nan masaƙarta, nan ake rataye jarirai a zani ana lila su, nan matan unguwa ke taruwa da rana ana tsintar shinkafa ana cin naman waɗanda ba su zo ba. Sama wurin barci ne da salla kawai. A tsakiya akwai babban ginshiƙi, baƙi, ya yi santsi saboda jingina, ya taso daga ƙasa ya ratsa daɓen katako har rufi. Kakan babanmu ne ya saro shi a dawa. A jikinsa Mak ta riƙe ta haife mu duka, kuma yaron da ya kuskura ya kafa masa wuƙa ranar sai ya kwana da kunne mai zafi.

Da Mado ya warke bai tafi ba. Ya ɗauki gizago ya shiga aiki, babanmu ya ga hannun ya san katako, shi ke nan. Yarenmu a bakin masunta ya koye shi, don haka ya iya zagi kafin ya iya gaisuwa. Ya musulunta, ya nemi Kalsom, ita kuma ta ce ta yarda ne don ta huta da neman sanda in za ta tsinko mangwaro. Da safe sai ya dama shinkafa ta yi ruwa tsululu, ya barbaɗa gishiri, ba sukari ba madarar kwakwa, ya shanye a tsaye, wai haka ake karyawa a garinsu. Na ce masa, yadda muke kiran yaya a yarenmu, "Abang Mado, in wannan ne abincinku, ai dole ku gudo." Ya ce gara nasu, ba ya sa mutum kuka kamar barkonona.

Bai daɗe a wurinmu ba ya ga an ɗauki gida. Maƙwabcinmu ne ya yi faɗa da surukinsa ya rantse ba zai ƙara kwana kusa da shi ba. Da safe maza suka taru, aka zura gorori ta ƙarƙashi aka ɗaure, liman ya ja salati, aka sa kafaɗa. Ƙafafun gida dama a kan duwatsu suke zaune, ba a binne su, sai gidan ya tashi cak da tukwanensa da kyanwarsa a taga, ya kama hanya yana rangaji. Mu abin bai ishe mu kallo ba, hankalinmu na kan girkin masu ɗauka. Ina waiwayawa na ga Mado tsaye da gizago a hannu, hawaye na bin gemunsa.

Na ce, "Lafiya? Ko gidan na ubanka ne?"

Ya ce, "Sapiah, da gidan uwata na da ƙafa."

Ranar ya ba mu labari. Tsibirinsu ba bishiya, gidajen duk na dutse ne, bangon ya fi kamu biyu kauri, kuma katakon rufi shi ne dukiyar iyali, teku ke tofo shi jefi-jefi. Mai ƙasar ya ga tumaki sun fi mutane riba. Ya aiko 'yan baranda suka kware rufin suka tara katakon suka cinna wuta. Mado yana ƙarami, yana riƙe da gefen rigar uwarsa. Ya ce bangon na nan tsaye, ba mai iya ɗaukarsa, ba mai iya zama a cikinsa, uwarsa ta zauna a tsakiya ruwan sama na dukanta har aka zo aka ja ta. Mak ta saurara har ƙarshe. Daga ranar ta daina kiransa "dogon nan".

Bayan rasuwar babanmu shi ya riƙe wurin ƙirar. Ya faɗaɗa shi, ya ɗauki ma'aikata, har Turawan mulki suka riƙa kawo masa jiragensu gyara. Da an bar shi haka da ya mutu maƙerin jirgi, kowa na sa masa albarka. Sai wani kamfanin roba ya ƙyalla ido a kan filin wani ƙauye a hayin kogi. Jami'in filaye ya ce ai ba zalunci a ciki: ba a rushe wa kowa ba, ba a ƙona wa kowa ba, mutanen nan gidajensu kamar akwati suke, su ɗauka su matsa gaba. Muna zaune muka ga gidaje na wucewa ta gabanmu ɗaya bayan ɗaya, ba salati ba girki, tsofaffi na biye da kaji a hammata. Mado ya fito bakin hanya ya tsaya, fuskarsa ta yi jajir.

Ya ce, "Gida ya tashi, to kabarin fa? Bishiyar da kakansu ya dasa fa, ita ma kafaɗa za a sa mata? Na ɗauka ƙafar nan rahama ce. Ashe da ita ake korarku cikin sauƙi."

Abin da ya kai shi majalisar gari ke nan. Razdan na neman Bature mai sana'a wanda ya ji yaren ƙasa, Mado ya kai kansa. Ba wai sun ɗauke shi nasu ba ne. Ya auri 'yar ƙasa, yana ɗaura zani da yamma, yana cin abinci da hannu, Turancinsa ma abin dariya ne a wurinsu, domin shi ma da bulala ya koye shi a makaranta, yaren uwarsa daban ne. Ranar zama Kalsom za ta goge masa farin kwat da dutsen guga na gawayi, ya maƙale wuyansa da maɓalli, ya fita yana tafiya kamar wanda aka sa wa tsinke a baya. Ni kuwa in bi shi da kirari har bakin hanya, da laƙabin da ake kiran manya da shi, "Tuan Majalisa, a tuna da talakawa!" Ya juyo ya zage ni da zagin masunta.

Ya yi abubuwa a majalisar nan, kada a manta. Famfon kasuwa shi ne, fitilun tasha shi ne, shi ya hana a riƙa kama masu tallan abinci ana zubar musu da tukunya. Amma duk wannan a gefe yake yin sa. Abu ɗaya ya sa a gaba, shekara da shekaru yana maimaita shi har 'yan majalisa suka riƙa hamma tun bai buɗe baki ba: a yi doka, duk gidan da aka kafe ƙafafunsa cikin siminti ya zama zaunannen gida, a ba mai shi haƙƙin filin, kada wani ya sake ce masa ɗauka ka matsa. Tauke Yeoh, ɗan majalisa daga 'yan kasuwar Sinawa, shi ya ba mu labarin ranar da aka amince. Ya ce wani Bature ya tambaya cikin izgili ko Mista MacAskill zai sa wa kaji ma siminti, Mado ya bugi tebur har tawada ta zube, ya ce, "Na taɓa ganin an mai da mutane kaji, ku ba ku gani ba." Tauke Yeoh ya mara masa baya da zuciya ɗaya. Shi ne kuma mai sayar da siminti a garin, amma wannan ba ya hana mutum zuciya.

Mak ce ta ba shi wahala. Ya zo ya durƙusa a gabanta a ƙarƙashin gida, tana saƙa ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Mak, buhu kaɗan ne. Ni zan yi da hannuna."

"Gidan ya yi maka laifi ne za ka sa masa mari?"

"Don kada a kore ki ne."

"In an kore ni in tafi da abina. In ka ɗaure shi fa?"

"In na ɗaure shi ba mai korarki. Na yi miki alkawari."

Ta ƙi. Sai ga masu awo na kamfanin sun tsallako, sun kafa jajayen turaku har bakin rijiyarmu, ɗaya ma dab da kushewar babanmu. Mak ta je ta tsaya a kan turken nan ta daɗe. Da ta dawo ta ce da Kalsom, "Gaya wa mijinki ya kawo ƙasar tasa." Ya shafe ƙafafun da kwalta kamar gindin jirgi, ya haƙa rami ya sauke su, ya kwaɓa siminti ya zuba. Da ya zo kan babban ginshiƙi ya ninka masa, don ya fi kowanne daraja. Da unguwa ta ga Mak Embun ta yarda, kusan kowa ya bi.

Kuma dokar ta yi aiki, wannan shi ne abin da masu taɓe baki ba sa faɗa. Kamfanin ya zo ya ga siminti, ya cire turakunsa ya tafi. An yanka bauna, an dafa shinkafa mai kurkum, an zaunar da Mado a kan tabarma ana yayyafa masa ruwan fure kamar ango. Har an sami wanda ya sa wa ɗansa sunansa. Waɗannan shekaru su ne mafi daɗi a rayuwata. Mijina ya rasu na dawo gaban Mak, amma ƙarƙashin gidan nan bai bar ni na yi kaɗaici ba. Da la'asar Mado zai dawo daga majalisa ya cire kwat ya rataye a jikin masaƙa, ya jingina da ginshiƙi yana shan kofi, yana kwaikwayon muryar Razdan ta hanci, mata na faɗuwa don dariya. Wani lokaci ya rera mana waƙar yaren uwarsa, mai ja kamar kukan makoki, mu ce masa don Allah wa ya mutu, ya ce ai ta biki ce. Ya gina wa Kalsom gidan bulo a bakin kogi, har da murhu a falo da bututun hayaƙi, a ƙasar da zufa ke karyo wa mutum yana wanka. Ba a taɓa hura wuta a ciki ba, jemagu ne suka tare.

Sannan kogi ya juyo. Masu haƙar kuza can sama sun yi ta wanke tuddai suna turo laka, lakar ta taru a wancan hayi, ruwa ya rasa hanya ya sa baki a gaɓarmu. Da ma kogi kan yi haka tun zamanin kakanni, in ya matso a matsa masa, in ya koma a koma. Wannan karon kowace damina sai ya gutsuri abin da ya gutsura, mu kuma muna ɗaure. Waɗanda suka yi ƙiwar sa siminti, irin su Pak Darus da ya karɓi buhunansa ya yi wa awakinsa daɓe, su suka fara ɗaukar gidajensu suna dariya, suka koma tudun kwakwa bayan masallaci. Sauran suka kawo zarto suka yanke ƙafafun gidajensu daga saman simintin, suna yanka suna tsine wa dokar Mado. Mutanen da suka yayyafa masa ruwan fure su ne suka riƙa kau da kai in ya yi sallama. Na ji haushinsu, kuma na ji haushinsa, ban san wanda ya fi ba.

Gidan bulon ne ya riga tafiya. Da rana tsaka, mun gama kwashe kaya muna tsaye daga nesa, bango ya tsage, falo ya zame, bututun hayaƙin ya ɗan tsaya shi kaɗai sannan ya bi. Kalsom ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "To, jemagu sun shiga uku." Mado bai yi dariya ba. Ya juya ya kalli gidan Mak, wanda a lokacin ruwa ya riga ya cinye rijiyarsa.

Mak ta tsufa sosai, idonta ya yi rauni, amma bakinta na nan. Ta hau sama ta zauna ta jingina da ginshiƙi ta ce ba mai sa masa zarto tana numfashi. Sauran ƙafafun a yanka in an ga dama, amma wannan a'a. In kuwa ba a yanke shi daidai da sauran ba gida ba zai tashi ba. Liman ya zo ya yi magana, dagaci ya zo, Kalsom ta yi kuka, ni na yi masifa. Mado ya hau tsani ya tsaya a bakin ƙofa kansa a ƙasa.

Ta ce, "Waye nan? Mai alkawari ne?"

"Ni ne, Mak."

"Yadda ka saka shi haka za ka fito mini da shi. Da ƙafarsa ya zo gidan nan, da ƙafarsa zai tafi. In ba haka ba ku bar mu tare, kogi ya san inda muke."

Ya sauka. Ya aika aka kawo masa guduma da kurfi, ya tuɓe riga, ya durƙusa a gindin ginshiƙin. A lokacin gashin nan ja ya zama fari, gwiwoyinsa na ƙara in zai tashi. Ma'aikatansa suka ce su taya shi, ya kore su, wai kada wani ya kuskure ya sari katakon. Simintin kuwa shi ya kwaɓa shi, kuma Mado bai taɓa yin aikin ha'inci ba, sai ka buga kurfi ya yi tsalle ya bar ɗan farin tabo. Kwana da kwanaki yana abu ɗaya, daga fitowar rana har faɗuwarta, tafin hannunsa ya fashe na ɗaure masa da tsumma. Muna jin gaɓa na ruftawa cikin ruwa jefi-jefi, kowace rufta ta fi ta baya kusa. Ni na daina barci a gefen da ke kallon kogi.

Ana cikin haka motar Razdan ta tsaya a bakin hanya. Masinja ya sauko da jar ɗamararsa yana tsallake taɓo, ya ce ana jiran Tuan, yau ne za a gabatar da shi ga babbar majalisar jiha, kujerar da aka daɗe ana yi masa alkawari. Kalsom ma ta goge kwat ɗin tun jiya ta kawo ta rataye. Mado ya ɗago, fuska da gemu duk farin ƙura, ya ce, "Ka ce da shi ina zama da wani dattijo, bai sallame ni ba tukuna." Masinja ya duba hagu da dama bai ga dattijo ba, ya koma. Kujerar wani aka ba, ba a kuma sake yi masa tayinta ba.

Washegari da hantsi simintin ya buɗe. Ina tsaye da butar shayi na ji gudumar ta yi shiru. Na leƙa. Daga inda siminti ya fara har ƙasa ginshiƙin ya zama baƙin gari, kwaltar na nan kamar ɓawo, cikin kuwa babu komai. Ruwa ya shiga ta sama ya rasa mafita, ya zauna yana ci duk shekarun nan da muke jingina muna dariya. Mado ya sa yatsa, yatsan ya nutse. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haka ba, kuma ba na fatan in sake gani.

Na ce a hankali, "Abang, ba ta gani sosai. Ka yi masa ƙari, kai da ka iya haɗa katako. Wa zai gaya mata?"

Ya ce, "Hannunta zai gaya mata. In ma bai gaya mata ba, ni na sani."

Ya hau ya faɗa mata. Ta ce a sauko da ita. Ta durƙusa a bakin ramin ta laluba, ta damƙo garin ta murza a tafin hannu, ta kai hanci ta shinshina. Ta daɗe a haka. Ni ina jiran ta yi masa wankin babban bargo, wallahi har na matsa don in tare. Sai ta ce, "Ka fi kowa sonsa, shi ya sa ka fi ba shi siminti." Ta share hannunta a zani. "Kawo zarton. Amma kai za ka yanka."

Ya yanka. Sai da ya hau sama da kamu biyu kafin ya sami katako mai rai, dole kuma aka yanke sauran ƙafafun daidai da shi. Aka tokare gidan da gumagumai, aka zura gorori. Maza suka zo, har da masu kau da kai, domin Mak Embun ce, kuma ba a ƙin ɗaukar gida. Da Mado ya nufi gora zai sa kafaɗa Pak Darus ya ce, "Haba Tuan, ka fi mu tsawo, in ka shiga gidan zai karkace. Wuce gaba ka riƙa ɗage mana rassa." Mado ya ce, "Sai in rage tsawon." Ya lanƙwasa gwiwa ya duƙa ya shiga layi. Liman ya ja salati, gida ya tashi, Mak na ciki ta rungume abin da ya rage na ginshiƙinta. A duƙe ya yi tafiyar nan tun daga bakin kogi har tudun kwakwa, ana hutawa ana ɗauka, bai ba kowa wurinsa ba. Bayansa bai ƙara miƙewa sosai ba daga ranar. Kafin sati ya zagayo inda gidan yake dā ya zama ruwa.

Gida ya tsira, amma ya zama gajere. Ƙarƙashinsa ko yaro sai ya sunkuya. Masaƙar Mak ba ta shiga ba, aka jingine ta a bayan gida har gara ta cinye. Turmi ya koma rana. Matan unguwa suka zo sau ɗaya sau biyu, suka zauna a sama a takure kamar masu gaisuwar mutuwa, daga nan kowa ta kama gidanta. Kaji ne suka gaje wurin. Har yau in na rufe ido ba saman gidan nake gani ba, inuwar nan ta ƙasa nake gani, da ƙarar masaƙa, da farin kwat a rataye.

Mado ya koma majalisar gari ya nemi a soke dokar da ya sha wuya ya kafa. Suka ƙi. Sun gano zaunannen gida ya fi daɗin sa wa haraji, kuma wanda ya taɓa yi masa izgilin kaji shi ne ya miƙe ya yabi hangen nesan Mista MacAskill. Ya yi ta kawo maganar duk zama, a duƙe, yana dafe da tebur, suna hamma kamar dā. Da ya gaji ya ajiye kujerar ya koma wurin ƙira, shi da Kalsom suka zauna a ɗakunan da ke bayan rumfar aiki, can kusa da tasha.

Akwai abin da ba wanda ya yi tunaninsa sai da ya faru. An rage tsanin gidan daidai da sabon tsayinsa, amma ƙafar Mak ba ta san an rage ba. Tun tana amarya take sauka a tsanin nan, jikinta ya haddace shi. Da sassafe in ta sauko za ta yi alwala, sai ta kai ƙasa tana neman sauran matakala, ƙafar ta daki ƙasa ba shiri ta yi tangaɗi. Ranar farko ta faɗi ta fasa gwiwa. Na ce zan riƙa riƙe ta, ta ce ba ta zama kaya ba tukuna. Kalsom ta kai wa mijinta labari. Washegari ina buɗe ƙofa na gan shi tsaye a gindin tsani, ya taho a ƙafa tun daga tasha, ya lanƙwasa hannu ya miƙo. Mak ta sauko, ta lalubi hannun, ta gane shi. Na ɗauka za ta ture. Ta dafa, ta ce, "Ka makara." Ya ce, "Gobe zan yi sammako, Mak."

Haka suka yi har ƙarshen ranta, ko ana ruwa ko ba a yi. Ba sa wata hira. Ta dafa, ta sauka, ta ce masa ya rame ko ya yi wari da kwalta, ya ce to, ya sha kofi a tsaye ya koma bakin aiki. Ban taɓa jin ta ce ta yafe masa ba, shi ma bai taɓa roƙa ba.

Ta rasu ranar wata Alhamis aka kai ta da yamma. Washegari na tashi a gidan ni kaɗai, na ɗauki buta na buɗe ƙofa. Yana nan a gindin tsani, a duƙe, hannun a lanƙwashe. Da ya ga ni ce ya kalli hannun nasa kamar na wani, ya ce, "Au. Na manta, Sapiah. Ƙafa ce ta kawo ni."

Na ce, "To tunda ka zo, riƙe ni mana. Ko sai tsofaffi kake yi wa?"

Na dafa na sauka. Ya dawo washegari, da wanshekarensa, har ciwon da ya kwantar da shi. Ni ƙafata ba ta taɓa kuskuren tsanin nan ba ko sau ɗaya, amma ban gaya masa ba.